Jagora: Yadda Za Ka Fahimci “Gold Medal” Kuma Ka Yi Amfani da Ita Daidai

Wanda ke bin labarin wasanni da Turanci ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da “gold medal”. Ma'anarta ta farko ba ta da wuya: lambar zinare ce, wadda ake rataya wa wanda ya zo na ɗaya a gasa. Wahalar tana zuwa ne daga baya, idan Turawa suka gutsure kalmar suka bar rabi, ko suka mai da ita sifa, ko suka ɗauke ta daga filin wasa suka kai ta majalisa da jami'a har da buhun fulawa. Wannan jagora na mai fassara labarai ne a gidan rediyo ko jarida, da ɗalibin da ke rubuta insha'i, da ɗan wasan da ke son rubuta abin da ya ci a takardar neman aiki. Abin da za ka riƙe tun daga nan shi ne, kalmar matsayi take faɗa, kuma mai shirya gasar ne ke yanke abin da matsayin ke nufi.

Mataki na ɗaya: gyara bakinka da alƙalaminka

Kalmomi biyu ne. “Gold” shi ne zinare, wanda Bahaushe ya ara ya mai da shi gwal. “Medal” kuma ƙarfen nan ne zagayayye da ake bugawa da hoto ko rubutu a ba mutum don yabo. A rubuce suke a rabe, ba a haɗe su, kuma da ƙananan baƙaƙe in dai ba sunan wata kyauta ce takamaimai ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubuta “golden medal”. Ba a faɗin haka. Abin da ke jawo ruɗanin shi ne ƙwallon ƙafa, inda aka saba jin “Golden Boot” da “Golden Ball” da “Golden Glove”, wato takalmin zinare da ƙwallon zinare da safar hannu ta zinare. Waɗannan sunayen kyaututtuka ne da suka zauna a haka. Lambar gasa kuwa “gold” ce kawai, kamar yadda 'yan uwanta biyu suke: “silver medal”, lambar azurfa ta na biyu, da “bronze medal”, lambar tagulla ta na uku.

Sai furuci. A bakin Ba'amurke, “medal” da “metal”, wato ƙarfe, kusan sauti ɗaya suke fita, kuma akwai “meddle” mai nufin shisshigi, wadda furucinta daidai yake da na “medal”. In kana sauraron sharhi a talabijin, jimlar ce za ta raba maka su. In kuwa rubutu kake yi, ka duba sau biyu, don kwamfuta ba za ta ja maka jan layi a ƙarƙashin “gold metal” ba tunda dukkan kalmomin biyu ingantattu ne.

Mataki na biyu: san abin da ke cikin lambar, da inda al'adar ta samo asali

Wannan shi ne wurin da mutane suka fi yin mamaki. Lambar zinaren gasar Olamfik ta yanzu azurfa ce aka yi wa ruwan zinare, kamar ɗan kunnen da maƙeri ya tsoma a ruwan gwal. Ƙa'idar kwamitin Olamfik na duniya ita ce, azurfar ta kasance mai tsarkin kashi 92.5 cikin ɗari a ƙalla, sannan a lulluɓe ta da zinare tsantsa wanda bai gaza giram 6 ba. A gasar Paris ta 2024 lambar ta kai giram 529. Giram 6 ne zinaren, akwai kuma wani guntun ƙarfe mai kusurwa shida, giram 18, da aka ciro daga tsohon ƙarfen hasumiyar Eiffel aka dasa a tsakiya. Sauran duk azurfa ne. A gasar Tokyo kuwa, daga tsofaffin wayoyin hannu da kayan lantarki da jama'ar Japan suka tara aka tace ma'adinan da aka ƙera lambobin.

Rabon da a ba da lambar da take zinare ciki da waje tun gasar Stockholm ta 1912, kuma waɗancan ƙanana ne ƙwarai in aka kwatanta da na yau.

Al'adar ma ba tare da Olamfik aka haife ta ba. A gasar farko ta zamani, a birnin Athens na Girka a 1896, wanda ya zo na ɗaya lambar azurfa aka ba shi da reshen zaitun, na uku kuwa ko lamba bai samu ba. A Paris a 1900, kofuna da wasu kyaututtuka aka fi rabawa. Sai a St. Louis ta Amurka a 1904 aka fara jera zinare da azurfa da tagulla. Rataya lambar a wuya ma sai a gasar Roma ta 1960 ta zama al'ada.

Me ya sa mai koyon kalma zai damu da wannan tarihi? Saboda za ka karanta a littafi cewa James Connolly, Ba'amurken da ya fara cin gasa a 1896, ya ci “gold”. Mutumin bai taɓa riƙe zinare a ranar ba. Daga baya ne aka koma aka jera sakamakon waɗancan gasanni a kan tsarin yau. Marubucin bai yi ƙarya ba, matsayin yake nufi. Don haka in ka zo fassara, kar ka ƙara gishiri ka ce “lambar zinare zalla” ko “tsantsar gwal”. Ka bar ta a lambar zinare.

Cizon lambar da ake gani a hotuna kuwa, yawanci masu ɗaukar hoto ne ke roƙon 'yan wasa su yi, suna kwaikwayon tsohuwar dabarar gwada zinare da haƙori. Wani Bajamushe, David Möller, ya ɓantare haƙorinsa a haka a gasar hunturu ta Vancouver a 2010, kuma tasa lambar ma ta azurfa ce.

Mataki na uku: gina jimla

A nan aikin yake. Akwai siga uku, kuma kowace da inda take shiga.

Ta farko ita ce da “a”: “She won a gold medal.” Ana amfani da ita idan ana maganar lamba guda cikin lambobi masu yawa, ba tare da an fayyace wacce ba. Ta biyu da “the”: “She won the gold medal in the long jump.” An sa “the” ne domin a wannan wasan lamba guda ce tak ake nema, kowa ya san wacce. Ta uku ita ce ta 'yan jarida, wadda ake yar da “medal” gaba ɗaya, a yar da “a” da “the”: “She won gold.” Duk ukun daidai ne. Wanda ba daidai ba shi ne haɗa su a ce “She won gold medal”, kuma wannan shi ne tuntuɓen da Bahaushe ya fi yi, tunda harshenmu ba ya tilasta mana irin waɗannan ƙananan kalmomi. Ƙa'idar da za ta fishe ka: in ka ambaci “medal” tilo, dole wani abu ya zo kafin “gold”. In ba ka son sa komai, to cire “medal”.

Jam'i kuma “gold medals” ne, ko a taƙaice “golds”. Michael Phelps, ɗan ninƙayar Amurka, ya tara 23 a rayuwarsa ta Olamfik, takwas daga ciki a Beijing a 2008 kaɗai. Da Turanci za a ce “23 gold medals” ko “23 golds”. Baƙin “s” ɗin a kan kalmar ƙarshe yake sauka, ba a cewa “golds medals”.

Sai ƙananan kalmomin da ke nuna wuri. “In” ta wasan ce, “at” ta taron gasar ce, “for” ta ƙasar da aka wakilta ce. Ɗauki Chioma Ajunwa, wadda ta yi dogon tsalle na mita 7.12 a Atlanta: “Ajunwa won gold for Nigeria in the long jump at the 1996 Olympics.” Ka haddace wannan jimla guda, ka riƙa canza sunaye, ta ishe ka. Abin lura ɗaya shi ne, in sunan gari kaɗai aka ambata, “in” ake sawa: “in Atlanta”.

Aikatau na asali shi ne “win”. Amma ɗan jarida ba ya son maimaita kalma, don haka za ka ga “take”, “claim”, “clinch”, “secure”, “bag”, “scoop”, “land”. Kar su tsorata ka, kusan dukkansu ci ko lashewa suke nufi. Bambancin na launi ne kawai. “Clinch” tana ɗauke da ƙamshin an sha fama kafin a tabbatar. “Bag” da “scoop” na kanun labarai ne da hira, ba su dace da takardar hukuma ba. “Strike gold” daga masu haƙar ma'adinai aka aro ta, tana da ɗanɗanon dacewa. “Go for gold” kuwa ba ci ba ne, nema ne. Wanda aka ce “is going for gold tonight” bai ci komai ba tukuna, zai fita nema ne a daren. Na sha jin an karanta irin wannan a matsayin an riga an ci, kuma gyara labari bayan ya fita ya fi wuya a kan tsayawa a duba.

Akwai kuma jimlolin da zinare ke fitowa a ciki alhali ba a same shi ba. “Missed out on gold” da “was denied gold” da “was pipped to gold” duk suna nufin zinaren ya kuɓuce, ta ƙarshen ma da ƙyar aka sha gaban mutum. “Settled for silver” ita ce ya haƙura da azurfa, kuma tana nuna an sa ran fiye da haka. Ka lura da wannan in kana rubutu da kanka. Lokacin da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciwo wa Nijar azurfa a wasan taekwondo a Rio a 2016, lambar farko ce da ƙasar ta samu tun tagullar da Issaka Daboré ya ci a dambe a Munich a 1972. A irin wannan, “won silver” ta fi gaskiya. “Settled for” za ta rage wa abin daraja.

Mataki na huɗu: mutumin, da sifa, da wani tarko

Wanda ya ci lambar shi ne “gold medallist” a rubutun Ingila, “gold medalist” a na Amurka. Baƙin “l” guda ne bambancin. Makarantun Najeriya da Gana tsarin Ingila suke bi, don haka ka ninka shi, kuma ka tsaya a kan tsari ɗaya har ƙarshen rubutunka. Kalmar ba ta bambance mace da namiji. A takardar neman aiki ba a buƙatar doguwar jimla: ka rubuta “Gold medallist”, waƙafi, sunan wasan, waƙafi, sunan gasar da shekara.

Idan kalmar ta zo gaban wani suna tana siffanta shi, masu tsantseni kan sa karan ɗori: “a gold-medal performance”, wato bajintar da ta kai a ba ta zinare. Jaridu da yawa ba sa damuwa da karan, kuma ba wanda zai kama ka a kan haka.

Tarkon yana cikin “gold medal match” ko “gold medal game”. Wannan wasan ƙarshe ne kawai, wanda za a raba zinare da azurfa a cikinsa. Najeriya ta buga shi a ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik sau biyu. A 1996 ta doke Ajantina da ci 3-2, Celestine Babayaro da Daniel Amokachi da Emmanuel Amunike suka ci ƙwallayen, ta ɗauki zinare. A 2008 a Beijing ta sake haɗuwa da Ajantina, Ángel Di María ya ci ƙwallo ɗaya, ta dawo da azurfa. Duka biyun “gold medal match” ne. Saboda haka jimlar “reached the gold medal match” kai wa wasan ƙarshe take nufi. Haka “bronze medal match” shi ne wasan neman na uku, irin wanda Najeriya ta ci Honduras 3-2 a gasar Olamfik ta Rio a 2016, inda Sadiq Umar ya ci biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya.

Za ka kuma ji Amurkawa musamman suna mai da “medal” aikatau: “She medalled in Tokyo.” Ma'anar ita ce ta samu lamba, ba a faɗi wacce ba. Kar ka ɗauka zinare ne. A gaskiya ma, da zinare ne da marubucin ya faɗa, don ba mai ɓoye zinare. Haka nan “made the podium” ko “finished on the podium”, wato ya hau dandamalin karɓar lamba, yana cikin ukun farko ke nan.

Wasu guda biyu da za ka wuce da su: “back-to-back golds” zinare biyu ne a jere, kamar yadda Françoise Mbango ta Kamaru ta yi a tsallen taku uku a 2004 da 2008. “Clean sweep” kuma shi ne ƙasa ɗaya ta kwashe lambobin uku duka, kamar matan Jamaika a gudun mita 100 a Tokyo.

Mataki na biyar: karanta teburin lambobi

Ana kiransa “medal table” ko “medal tally” ko “medal count”. A tsarin da aka saba, da yawan zinare ake jera ƙasashe. Ƙasa mai zinare ɗaya tana gaban mai azurfa goma da ba ta da zinare. In an yi kunnen doki a zinare sai a duba azurfa, sannan tagulla. Haka ta faru a Paris a 2024: Amurka da Sin kowace ta ci 40, Amurka ta hau sama da yawan azurfa, 44 da 27.

Kafofin labaran Amurka da dama kuwa da jimillar lambobi suke jerawa. A 2008 Sin ce ta fi zinare, Amurka ta fi yawan lambobi gaba ɗaya, sai kowane ɓangare ya buga teburin da ya sa shi a sama. Don haka in ka ga “topped the table”, duba irin teburin kafin ka ce wance ce ta zo ta ɗaya.

Wasan ƙungiya lamba guda ake lissafa shi a tebur, ko da kowane ɗan wasa ya rataya tasa. A Atlanta an rubuta wa Najeriya zinare 2, azurfa 1, tagulla 3, alhali 'yan ƙwallo kaɗai, irin su Nwankwo Kanu da Tijani Babangida da Garba Lawal, kowa ya koma gida da tasa. Shi ya sa Garba Lawal “Olympic gold medallist” ne a kan kansa, amma ba za ka ce ƙasar ta ci zinare goma sha wani abu ba.

Mataki na shida: lokacin da lissafin ɗaya, biyu, uku ya karkace

Ba kullum ake samun mutum ɗaya a kowane mataki ba. A dambe da judo da taekwondo da kokawa, tagulla biyu ake bayarwa. Zinare ma ana raba shi. A tsallen sama na maza a Tokyo, Mutaz Barshim na Katar da Gianmarco Tamberi na Italiya sun tsaya a mita 2.37, aka ba su zaɓin su ci gaba da tsalle har a samu gwani, suka ce a'a, a ba su tare. Wannan shi ne “shared gold” ko “joint gold medallists”. Kowa cikakkiyar lamba ya samu, kuma a ranar ba a ba kowa azurfa ba, daga zinare biyu sai tagulla.

Sannan akwai ƙwacewa. “Stripped of his gold medal” na nufin an ƙwace masa, yawanci saboda ƙwayoyin ƙara kuzari. Ben Johnson na Kanada ya ci gudun mita 100 a Seoul a 1988, cikin 'yan kwanaki aka ƙwace aka ba Carl Lewis. Usain Bolt ya yi watanni ana cewa yana da zinaren Olamfik tara, sai a 2017 aka soke na gudun miƙa sanda na 2008 saboda laifin abokin gudunsa Nesta Carter, ya koma takwas. Tsohon labari zai ce tara, sabo ya ce takwas, kuma kowanne daidai ne a ranar da aka rubuta shi.

Wanda ya amfana da ƙwacewar ana cewa an yi masa “upgraded to gold”, ita kuma lambar an yi mata “reallocated”. A nan Najeriya na da labari mai daɗi da ɗaci. A Sydney a 2000, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong sun zo na biyu a gudun miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, bayan Amurka. Daga baya ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa ya yi amfani da ƙwayoyi. Sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya da zinaren, alhali Sunday Bada ya rasu a Disambar 2011. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ita kuwa wannan miyar shekara goma sha biyu ta yi. In za ka rubuta wannan da Turanci, “were awarded gold in 2012” ko “were later upgraded to gold” ya fi “won gold in Sydney” cika gaskiya, domin wanda ya kalli tseren a ranar ya ga sun shigo na biyu.

Mataki na bakwai: idan kalmar ta bar filin wasa

A nan ne fassarar “ya zo na ɗaya” ke iya jefa ka rami. Akwai wuraren da lambar zinare girmamawa ce, babu gasa ko kaɗan. “Congressional Gold Medal” majalisar dokokin Amurka ce ke bayarwa. George Washington ne aka fara amincewa a ba, a 1776, an kuma ba Nelson Mandela a 1998. “Royal Gold Medal” ta Birtaniya ta masu zanen gine-gine ce, tun 1848 ake bayarwa, kuma Zaha Hadid ta karɓa a 2016. Ba wanda suka tsere wa. Irin waɗannan da manyan baƙaƙe ake rubuta su, kuma aikatau ɗinsu “receive” ne ko “be awarded”. A Hausa, lambar girmamawa ta zinare za ka ce.

Akwai kuma wuraren da zinaren mataki ne da duk wanda ya kai shi zai samu. A gasar lissafi ta duniya ta ɗaliban sakandare, kusan rabin mahalarta ne ke samun lamba, kuma wajen kashi ɗaya cikin goma sha biyu ne ke samun zinare. In yara ɗari shida suka zauna, kusan hamsin za su tashi da shi. Yaron da ya samu ya yi bajinta babba, amma cewa shi ne ya zo na ɗaya a duniya ƙari ne. Haka abin yake a baje kolin furanni na Chelsea a Landan da gasannin kayan abinci da yawa. Don haka in ka ga hoton lambar zinare a jikin kwalba ko gwangwani, ka tambayi kanka wa ya bayar, a wace shekara, kuma mutum nawa aka ba. A Amurka akwai fulawa da sunanta ma “Gold Medal”, ta samo shi ne daga lambar da kamfanin ya ci a wani baje kolin masu niƙa a Cincinnati a 1880.

A jami'o'in Indiya da Pakistan, “gold medallist” shi ne ɗalibin da ya fi kowa maki a fanninsa. In ka ga likita ko malami daga can ya rubuta haka a bayan sunansa, ba ɗan tsere ba ne.

Ta ƙarshe ita ce ta barkwanci. Bature zai ce wa abokinsa “You deserve a gold medal for patience”, ko ya ce da a ce barci wasa ne da wane ya ci zinare. Yabo ne ko zolaya, muryar mai magana ce ke nunawa. Wannan a Hausa ba ya buƙatar lamba ko kaɗan: “wane ai sarkin haƙuri ne”, ko “a barci ba shi da na biyu”.

Mataki na takwas: mai da ita Hausa

Lambar zinare, lambar zinariya, lambar gwal, duk ana ji. Ta farkon ta fi zama a labarai. Zaɓi ɗaya ka riƙe. “Lambar yabo” ita kaɗai ba ta isa ba, don ba ta faɗi matsayi ba, sai dai in “medal” ce tsirara a Turancin. Ka kuma kiyayi “ya ci lamba ɗaya”, domin mai sauraro zai ji kamar na ɗaya ya zo, alhali kana nufin lamba guda ce, wataƙila ma tagulla. Ce “lamba guda” sannan ka faɗi irinta.

Kar ka haɗa ta da kofi. “Trophy” da “cup” kofi ne, “shield” garkuwa ce, “belt” na 'yan damben zamani ɗamara ce ko kambu, “title” kuma kambu ne ko matsayin zakara. A gasar cin kofin duniya ƙungiya ce ke ɗaga kofi, sannan kowane ɗan wasa a rataya masa lamba. In kuma daga Hausa kake juyawa zuwa Turanci, kar ka ƙaƙaba “gold medal” inda babu ita. Zakaran kokawar gargajiya ta ƙasa a Nijar takobi ake ba shi, kuma takobin za ka faɗa.

Ga gwaji da jimla irin ta jarida: “Tobi Amusan struck gold in the 100m hurdles at the 2022 World Championships in Eugene, hours after breaking the world record in the semi-final.” Fara da tambayar ko an ci ko nema ake yi. “Struck” ta nuna an ci. Sai wasan, bayan “in”: gudun tsallake shinge na mita 100. Sai gasar, bayan “at”: gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, ba Olamfik ba, don haka kar ka kira ta zakarar Olamfik. Sai ka duba tarihin da ta kafa, a wane zagaye ne. A na kusa da na ƙarshe ne ta yi daƙiƙa 12.12. A na ƙarshen ta fi haka sauri, 12.06, amma iska ta wuce ƙa'ida, ba a lissafa shi a matsayin tarihi ba. Da ka tattara waɗannan, sai ka ajiye Turancin gefe ka faɗi labarin yadda za ka faɗa wa maƙwabcinka:

“Tobi Amusan ta Najeriya ta lashe lambar zinare a gudun tsallake shinge na mita 100, a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya da aka yi a birnin Eugene na Amurka a 2022. Sa'o'i kaɗan kafin nan, a zagayen kusa da na ƙarshe, ta kafa sabon tarihin duniya da daƙiƙa 12.12.”